Darasi na 11: Yadda ake ɗaga babur a tokare shi idan za a yi masa gyara a gida

Tsawon zama: awa ɗaya da rabi.

Kayan da za a tanada: babur ɗaya mai lafiyayyun ƙafafu, faffaɗan katako, guntayen katako masu kauri, igiya mai ƙarfi, robar tsohuwar taya, da mai tuƙa babur ɗin domin ya riƙe mana lokacin gwaji.

Me ya haɗa mu da babur?

Na san wata za ta ce, "Malama, mu da ba ma tuƙi, ina ruwanmu da gyaran babur?" To, ga amsa. A ƙungiyoyin da nake zagayawa, babur yana cikin manyan kayan da mata ke saye idan an raba kuɗin shekara ko an karɓi rance. Wata ta saya wa ɗanta yana acaɓa, wata ta ba mijinta yana kai mata kaya kasuwa, wani wurin kuma ƙungiya ce ta haɗa kuɗi ta saya. Mai tuƙi daban, amma kuɗin namu ne, kuma mu ake jira ranar zubi.

Na biyu, ƙananan gyare-gyare a gida ake yin su: zuba wa cen mai, juye baƙin mai, cire taya a kai wa mai faci. A ina ake yi? A zaure, a ƙofar gida ko a tsakar gida, inda 'ya'yanmu ke rarrafe, inda muke girki. Idan babur ya faɗo daga inda aka ɗora shi, ko dai ya danne mutum, ko ya fasa fitila da tanki, ko duka biyun. Kuɗin asibiti da na gyara daga jarinmu za su fita, babur kuma yana kwance ba ya kawo ko sisi.

Don haka abin da nake so mu tafi da shi yau shi ne: ba a sa hannu ko ƙafa a ƙarƙashin babur, ba a kwance masa ko noti ɗaya, sai an tabbata ya zauna daram a kan abin da ba zai nutse ba, ba zai fashe ba, ba zai gangara ba.

Ku san nauyin abin da kuke ɗagawa

Babur irin Boxer, wanda 'yan acaɓa suka fi hawa, nauyinsa ya haura kilo 100. Sauran irinsu Jincheng da Haojue duk suna nan kusa da haka. Buhun siminti kilo 50 ne, kun ga ke nan ya fi buhun siminti biyu. Ga shi kuma a kan taya biyu yake, ba ya tsayuwa da kansa. Muddin yana tsaye sak, ko yarinya za ta iya riƙe shi. Da zarar ya karkata ya wuce wani mizani, ko ƙato sai ya sha wuya kafin ya tare shi. Shi ya sa nake cewa idan babur ya riga ya tafi, ki ja da baya ki bar shi ya faɗi. Madubi ana sayen wani a kasuwa, ƙashin ƙafa kuwa sai an yi watanni ana jinya.

Yawancin waɗannan babura ƙafa biyu gare su. Akwai ƙafar gefe, wadda ake kafe shi da ita a jingine. Akwai ƙafar tsakiya mai reshe biyu, wadda wasu ke ce wa babban jak. Ta gefe ta ajiya ce kawai. Duk gyaran da za a ɗaga taya ko a murɗa noti da ƙarfi, a kan ta tsakiya ake yin sa.

Kafin a taɓa komai

Na ɗaya, wuri. A zaɓi ƙasa mai tauri wadda take a shimfiɗe, kamar daɓen siminti ko daɓen zaure. Rairayi ba wurin gyara ba ne, haka ma ƙasar da ta sha ruwan damina, domin ƙafar babur takan nutse a hankali ba wanda ya lura, sai dai a ji rim. Idan babu daɓe, a shimfiɗa faffaɗan katako wanda rassan ƙafar tsakiya biyu za su hau kansa gaba ɗaya. Kada a yi gyara a kan gangare ko a bakin kwata.

Na biyu, wuta. A kashe inji, a zare makulli, a rufe makullin fetur da ke ƙarƙashin tanki. A nisanta daga murhu, kurfoti, fitilar aci-balbal da mai shan taba. Tururin fetur ma yana kama wuta, ba sai ruwansa ya taɓa garwashi ba. Idan za a tayar da inji don gwaji, a fito da shi fili. Hayaƙin babur a rufaffen ɗaki yana kisa.

Na uku, zafi. Babur ɗin da ya dawo daga tafiya a bar shi ya huce. Salansa tana ƙona fata nan take, kuma tsayinta daidai yake da hannun yaro mai koyon tafiya.

Na huɗu, yara da dabbobi. A fitar da yara, a sa wata babba ta tsare su. A ɗaure awaki da tumaki, don sun iya goga jiki a jikin duk abin da suka gani a tsaye.

Na biyar, sutura. Wadda za ta taimaka ta tattare hijabi ko gyale ta soke, ta ɗaure zani sosai, ta sa takalmi mai rufe yatsu idan akwai. Silifa yana zamewa a kan ƙarfe.

Na shida, mutum biyu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ɗaya yana aiki, ɗaya yana riƙe da babur yana sa ido.

Hawar da babur kan ƙafar tsakiya

Mutane da yawa suna ɗauka ƙarfin hannu ne ke hawar da shi, sai su yi ta fizga har bayansu ya riƙe. Nauyin jikinki a kan ƙafarki shi ne ke yin aikin. Ga yadda ake yi:

1. A sa giya a firi. Ki tsaya a hagun babur.
2. Hannun hagu ya riƙe hannun babur na hagu, kan babur yana kallon gaba sak. Hannun dama ya kama kariya ko ƙarfen da ke gefen kujera.
3. Ki miƙar da babur ya tsaya sak. Mai taimako yana ɗaya gefen yana tare da shi.
4. Ki sa ƙafarki ta dama a kan ɗan ƙarfen da ya fito daga jikin ƙafar tsakiya, ki taka shi a hankali har ya taɓa ƙasa.
5. Ki ɗan motsa babur har ki ji rassan biyu duk sun taka ƙasa. Wannan matakin shi ne wanda aka fi tsallakewa, kuma nan ake yin ɓarna. Idan reshe ɗaya ne ya taka, babur zai kife ɗaya gefen.
6. Ki sake nauyinki duka a kan ƙafar, hannun dama yana ɗan ja sama da baya. Za ki ji ya hau da kansa.

Idan ya hau, yawanci tayar baya takan ɗan tashi daga ƙasa, ta gaba tana taka ƙasa.

Wajen sauke shi, a riƙe hannayen babur biyu, yatsu suna kan birkin gaba, a tura gaba a hankali. Da ya sauka a kama birki, sannan a sa ƙafar gefe. A duba kada ƙafar wani ta kasance a gaban taya.

Ɗaure shi kada ya sauka da kansa

Ƙafar tsakiya takan naɗe ne idan babur ya matsa gaba. Don haka abubuwa uku nake so a yi duk lokacin da aikin ya wuce shafa mai:

A matse birkin gaba a ɗaure shi da robar taya a jikin hannun babur.

A sa guntun katako a gaban tayar gaba, a sa wani a bayanta.

A ɗaura igiya daga ƙafar tsakiya zuwa ƙarfen jikin babur da ke gaban inji, a ja ta tamau. Ko an ture babur, ƙafar ba za ta naɗe ba.

Bayan haka sai gwajin girgiza. Ki kama kariya ki ɗan girgiza shi gefe da gefe, gaba da baya, mai taimako yana tare da shi. Idan ya yi rawa, a sauke a sake. Gara ya nuna halinsa yanzu da tayoyinsa biyu a jiki, da ya nuna bayan an cire ɗaya.

Idan za a cire taya

Notin da ya riƙe taya a ɗaure yake tamau. A fara sassauta shi tun babur yana ƙasa a kan tayoyinsa, mutum yana riƙe da shi. Sassautawa kawai, ba cirewa ba. Idan aka bari sai yana sama sannan aka hau sifana da ƙarfi, fizgar nan ita ce ke kayar da shi. Haka ma wajen mayarwa: a ɗaure daidai gwargwado yana sama, ɗaurin ƙarshe kuma sai an sauke shi ƙasa.

Tayar baya ta fi sauƙi, domin idan an cire ta nauyi gaba yake komawa, tayar gaba kuma tana ƙasa a tokare.

Tayar gaba ita ce mai haɗari. Da an zare ta, babu abin da ke tare gaban babur, sai ya dunguri ƙasa ya sauka daga ƙafarsa. Ga dabarar: bayan an hawar da shi an ɗaure ƙafar da igiya, mai taimako ya danna kariya ƙasa har tayar gaba ta ɗan tashi. Sai a tura katako mai kauri a ƙarƙashin inji ta gaba, ya zauna a wuri mai faɗi da ƙarfi. Kada ya hau kan salansa, ko waya, ko roba. Sannan a saki kariya a hankali har nauyi ya zauna a kan katakon. Ana iya ƙarawa da ɗaure ɗan buhun yashi a kan kariya. Wannan karon tayar baya ce ke ƙasa, ita za a tokare gaba da baya. Ɗagawa kaɗan ta isa, daidai yadda taya za ta juya. Duk ƙarin tsawo ƙarin haɗari ne.

Abubuwan da ba a tokare babur da su

Na sha ganin an jawo abin da ya fi kusa da hannu. Ga waɗanda nake roƙo a bari:

Bulon siminti mai rami. Ido yana ganinsa da ƙarfi, amma idan ƙarfe ya danne shi a wuri ɗaya yakan fashe farat ɗaya ba gargaɗi.

Tubalin ƙasa. Yana marmashewa.

Turmi. Da'ira ne, yana mirginawa, kuma gindinsa ba koyaushe yake daidai ba.

Bokiti, jarka, kiret ɗin lemo da kujerar roba. Suna lotsewa.

Duwatsu da aka ɗora wani kan wani. Suna zamewa.

Haka kuma kada a rataye babur a azarar ɗaki ko a reshen bishiya. Azara an yi ta ne don ɗaukar rufi, idan ta karye asarar ta wuce ta babur.

Abin da ya fi shi ne ƙungiya ta sa kafinta ya haɗa mata guntayen katako masu kauri, ya buga su da ƙusa su zama dunƙule ɗaya, gindinsa ya fi samansa faɗi. A kai masa babur ɗin ya auna tsawon daga ƙasa zuwa ƙarƙashin inji. Sau ɗaya ake yi, a ajiye wurin ma'aji, duk mai buƙata ta ara ta dawo da shi.

Wasu 'yan acaɓa sukan cire ƙafar tsakiya, wai tana bugun ƙasa ko tana ƙara. Idan babur ɗinki ne, ki sa a mayar. Idan ta lanƙwashe ko waldarta ta tsage, a gyara kafin a dogara da ita. Babur ɗin da ba shi da ita, cire taya ba aikin gida ba ne, a tura shi wurin bakanike.

Cen da yatsu

Wannan sai na ɗaga murya. Samari suna da wata al'ada: a hawar da babur kan ƙafar tsakiya, a tayar da inji, a sa giya, taya tana juyawa ana goge cen da tsumma. Cen yana kama tsumman, tsumma ya ja yatsu cikin haƙoran ƙarfe kafin mutum ya ƙifta ido. A wani ƙauye na tarar da saurayi da guntayen yatsu biyu ta wannan hanyar, kuma mahaifiyarsa ce ta ci rance ta sayi babur ɗin. Ta biya asibiti, ta biya zubi, babur yana ajiye har ya warke.

Inji a kashe ake zuba wa cen mai. A juya taya da hannu sannu a hankali, a tsaya, a ɗiga mai, a sake juyawa. Idan ma babu ƙafar tsakiya, ba sai an ɗaga ba: a tura babur gaba kaɗan, a kafe, a zuba, a sake turawa.

Idan babur ya faɗi

Da farko a kashe inji, a rufe fetur, a duba ko wani ya ji ciwo. Idan fetur ya zuba a ƙasa, a rufe shi da yashi, a kashe duk wutar da ke kusa.

Wajen ɗaga shi, a sa giya ta ɗaya don kada ya gangara. Idan ta dama ya faɗi, a buɗe ƙafar gefe tukuna domin ta tare shi idan ya miƙe. Mai ɗagawa ya juya wa babur baya, ya tsuguna, ƙugunsa a jikin kujera, hannu ɗaya a hannun babur da ke ƙasa, ɗaya a kariya. Sai ya tura da ƙafafunsa yana ja da baya taku kaɗan-kaɗan, bayansa a miƙe. Mai taimako yana ɗaya gefen don kada ya zarce. Ba a sunkuyawa a ɗaga da gadon baya yadda muke ɗaukar tulu.

Mai ciki, mai jego, wadda aka yi wa aiki da mai ciwon baya, babu ruwansu da ɗaga babur. Su kira mutane.

Idan ya danne yaro, a ɗaga babur ɗin daga kansa, kada a ja yaron ta ƙarƙashi. Idan ya kasa taka ƙafa, ko wuri ya kumbura, ko ya bugu a kai yana amai ko yana barcin da ba a saba gani ba, a kai shi asibiti nan da nan. Idan ƙunar salansa ce, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta mai sanyi a wurin har minti 20. Kada a shafa man goge baki, manja, ƙwai, toka ko baƙin mai. A rufe da tsumma mai tsabta. Idan ƙunar tana da faɗi, ko a fuska, hannu ko gaɓa take, ko ƙaramin yaro ne, sai asibiti.

Kada a tafi a bar shi a sama

Gyara yakan ja lokaci. An kira salla, ko an tafi da taya wurin mai faci a wani gari, babur yana nan a ɗage. A irin wannan lokacin ne yara ke hawa suna wasan tuƙi. Idan dole a bar shi, a rufe ƙofar zauren, ko a sa babba ya zauna a wurin. Kada ya kwana a tsakar gida babu taya.

Yadda za a faɗa wa mai tuƙi

Na san ba kowane namiji ke son mace ta gyara masa aiki ba. Ba faɗa za a yi ba. Uwa tana iya cewa, "Ɗan nan, tsaya in kawo maka katakon ƙungiya, bulon nan ban yarda da shi ba." Idan ya ce, "Haba Inna, kullum haka nake yi," sai ki ce, "Na sani, amma yau ƙannenka suna nan, kuma ban gama biyan kuɗinsa ba." Matar aure kuma ta ce, "Malam, bari in kwashe yara in zo in riƙe maka." Wanda aka zo taya shi aiki ba kasafai yake jin an raina shi ba.

Gwaji a wurin zama

Mu fita fili. Mai babur ya nuna hawarwa da saukewa sau biyu. Sannan duk mai lafiya da ke so ta gwada, mutum biyu suna tare mata. Wata ta ɗaure birki, wata ta sa katako, wata ta ɗaura igiya, wata ta yi gwajin girgiza. Ba za mu kwantar da babur ɗin mutane don gwaji ba, tsayuwar ɗagawa kawai za mu kwaikwaya.

Tambayoyin tattaunawa

1. A gidanki, ina ne wuri mafi tauri da ya yi nisa da murhu?
2. Nawa ake sayar da fitilar gaba, madubi da hannun birki a kasuwarku? Nawa kafinta zai karɓa ya haɗa katakon tokare? Sakatariya ta rubuta duka biyun a allo mu kwatanta.
3. Idan babur ya yi sati biyu ba ya aiki, nawa mai shi za ta rasa, kuma daga ina za ta yi zubi?
4. Idan babur ɗin ƙungiya ya lalace saboda an tokare shi da bulo, wa zai biya? Ku yanke shawara tun yanzu, a rubuta cikin dokokinku.

Aikin gida

Duk wadda akwai babur a gidanta, ta duba ko yana da ƙafar tsakiya kuma ko tana da lafiya, ta kawo mana labari. Shugaba da ma'aji su je wurin kafinta su ji farashi. A zama na gaba, idan Allah ya kai mu, za mu yanke ko daga asusun taimakon juna za a fitar da kuɗin katakon ko karo-karo za a yi.